Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Buhun Wake: Tarihin Na'urar Rarrabe Tururi da Ma'aunin Ƙwayoyi

Gabatarwa

Ran 18 ga watan Yuni na 2015 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da doka mai lamba 2015/943, wadda ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya zuwa ƙasashen tarayyar. Dalilin da aka bayar shi ne, tun daga Janairun 2013 an sami rahoto fiye da 50 a kan waken Nijeriya, kusan dukkansu kuwa a kan magani guda ne, watau daikulobos, sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya da Sniper. Iyakar abin da dokarsu ta yarda a samu ita ce miligiram 0.01 cikin kowane kilo na wake, abin da aka ruwaito an samu kuwa ya kama daga 0.03 har zuwa 4.6. Da farko shekara guda aka yanke wa dakatarwar, a 2016 aka ƙara mata shekara uku, a 2019 aka sake ƙara uku.

Miligiram 0.01 cikin kilo daidai yake da kashi ɗaya cikin miliyan ɗari. In za a kwatanta shi da waken kansa, kamar a ce ƙwaya ɗaya ce tak aka jefa cikin buhu ɗari da hamsin ko ɗari biyu, sa'an nan aka ce a nemo ta, a kuma faɗi sunanta. Ido ba ya ganin wannan, hanci ba ya jinsa, sikelin kasuwa bai san da shi ba. A cikin wannan lacca za a bi tarihin na'urori biyu da suka sa irin wannan awo ya yiwu, da wahalar da masana suka sha kafin su haɗa su wuri guda, da kuma yadda abin ya zo ya shafi manomin wake na ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura.

Wake da ƙwaronsa

A wannan yanki na arewa maso yammacin Jihar Jigawa, daga duwatsun Kazaure da Roni har zuwa jigawar Babura da ke bakin iyakar Nijar, wake abokin zaman gero ne da dawa cikin gona ɗaya. Ana roronsa bayan an yanke gero, a ci ƙwayar, a ajiye harawa domin dabbobi. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin wannan wake, Nijar na biye da ita, kuma mai yawa daga abin da ƙasashen biyu ke nomawa ta kasuwar Dawanau ta Kano yake bi kafin ya nufi kudu.

Matsalar wake ita ce ajiya. Ƙwaron wake tun a gona yake fara saka ƙwai, tsutsarsa ta shige cikin ƙwayar ta yi ta ci, bayan mako uku zuwa huɗu ta huda ta fito da fiffike, ita ma ta hau saka nata ƙwan. Buhun da aka ajiye ba kariya, kafin damina ta kewayo ya zama huji da gari. Ga shi kuma da kaka wake ba shi da daraja, sai bazara ta yi nisa kuɗinsa ke tashi, saboda haka duk mai son riba tilas ya ajiye. Mutanen dā suna cuɗa shi da toka ko rairayi ko barkono, ko su bar shi cikin kwansonsa a rumbu, wannan kuwa ya isa ga abin da gida zai ci. Amma ɗan kasuwa mai buhu ɗari biyar ba zai bi su da toka ba. Shi ya sa da maganin ƙwari na kwalba ya shigo aka rungume shi hannu bibbiyu. Gamalin, wanda aka kawo domin gonakin koko na Yamma a shekarun 1950, ya bi ta rumbunan Arewa, bayansa fiya-fiya ta zo. Ba ɗayansu da aka yi domin a yayyafa a kan abincin da za a dafa.

Rarrabewa

Mataki na farko wajen gano abin da ke cikin kowane cakuɗe shi ne a raba shi kashi-kashi. Wanda ya buɗe wannan hanya wani masanin tsirrai ne ɗan Rasha, Mikhail Tswett, a birnin Warso cikin 1903. Ya cika bututun gilashi da garin alli, ya zuba ruwan ganye daga sama, ya bi shi da wani ruwa mai narkarwa. Sai launin ganyen ya rabu ɗamara-ɗamara, kore daban, rawaya daban, domin kowane launi da irin ƙarfin da yake riƙe allin. Daga nan sai ya turo allin waje ya yayyanka shi da wuƙa, kowane launi ya ware shi gefe. A 1906 ya raɗa wa dabarar suna kuromatogirafi, watau rubutu da launi, sunan kuwa ya bi ta har inda babu launi ko kaɗan.

A 1941 Archer Martin da Richard Synge, waɗanda ke binciken ulu a birnin Lidis na Ingila, suka kyautata dabarar, har ta kai su ga lambar Nobel a 1952. Cikin takardarsu ta 1941 sun ambata cewa ba lalle ne ruwa ya zama mai ɗaukar kayan ba, iska ma za ta iya. Shekara goma maganar tana kwance ba wanda ya ɗauke ta a Ingila, sai da Martin da kansa ya koma mata tare da Anthony James a cibiyar binciken likitanci ta Mill Hill a Landan. A 1952 suka buga sakamakon: siririn bututun gilashi, cike da wani farin gari da aka shafe da mai, an ɗumama shi, iskar naitirojin tana bi ta ciki tana dakon tururin abin da ake gwadawa.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa bin ayarin 'yan cin kasuwa. Tare ake fita daga gari, amma wani ba ya tsayawa ko'ina, wani kowace inuwa sai ya huta, wani kowace rumfa sai ya gaisa, saboda haka ɗaya bayan ɗaya za su isa. Haka sinadarai suke cikin bututun: wanda man bai riƙe shi sosai ba shi ke fara fitowa, mai son man yana baya. A bakin bututun akwai abin da ke ji idan wani abu ya wuce, alƙalami ya zana tsauni a kan takarda. Wannan ita ce na'urar rarrabe tururi. Aibinta guda ne, amma babba: tana faɗin cewa wani ya wuce a minti kaza, ba ta faɗin ko wane ne. Sinadarai biyu da ba su haɗa komai ba suna iya fitowa a lokaci ɗaya, kuma ba alƙalin da zai yanke hukunci da shaidar agogo kaɗai.

Aunawa

Mai faɗin suna wata na'ura ce dabam, wadda ta girmi ta farko. A Kambirij, cikin 1912 da 1913, J. J. Thomson ya ɗora wa ƙwayoyin iskar niyon cajin lantarki, ya bi da su ta tsakanin maganaɗisu, sai ya ga sun kasu biyu, masu nauyin 20 da masu nauyin 22. Mataimakinsa Francis Aston ya ƙera na'ura mafi kyau a 1919, da ita ya nuna cewa kulorin ma iri biyu ne, mai nauyin 35 da mai nauyin 37, na farkon ya ninka na biyun wajen sau uku. Ya kamata a riƙe wannan batu na kulorin, domin za a sake cin karo da shi a buhun wake.

Na'urar, wadda za a kira ma'aunin ƙwayoyi, tana harbin ƙwayar sinadari da lantarki har ta farfashe, sa'an nan ta auna nauyin kowane ɓallin. Kowane sinadari da irin fashewarsa, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsansa. A farkon shekarun 1940 kamfanonin mai na Amurka suka fara sayenta domin awon kayan matatunsu. Sai dai ita ma da nata aibin: abu guda tsantsa take so. In aka ba ta cakuɗe mai abubuwa talatin, sai ɓallin wannan ya hau kan na wancan, a rasa na karantawa.

Zamanin tara kaso da hannu

To, ga na'ura mai rabawa ba ta san suna ba, ga mai sanin suna ba ta iya rabawa. Kowa ya ga cewa aurensu ya dace, amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Na'urar rarrabewa kogin iska take fitarwa, abin da ake nema ɗan mitsitsi ne a cikinsa. Ma'aunin ƙwayoyi kuwa ba ya aiki sai an zuƙe iskar cikinsa, har abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin miliyoyi masu yawa na iskar ɗaki ba. Bugu da ƙari, ma'aunin wancan zamani yakan ɗauki mintoci kafin ya karance abu guda, alhali kason da ake so cikin 'yan daƙiƙoƙi yake wucewa.

Saboda haka a shekarun 1950, har cikin na 1960 a wurare da yawa, mutum ne yake zama gada tsakaninsu. Ma'aikaci zai tsaya a bakin bututun, idonsa a kan alƙalami. Da zarar tsauni ya fara tashi sai ya maƙala wani ɗan bututun gilashi mai lanƙwasa kamar ƙugiya, wanda aka tsoma gindinsa cikin busasshiyar ƙanƙara mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifiri, ko cikin ruwan naitirojin mai sanyin 196. Iskar dako ta wuce abinta, tururin da ake nema ya daskare a jikin gilashin. Da alƙalami ya sauko sai ya zare, ya toshe, ya rubuta lamba, ya ɗauki wani bututun domin tsauni na gaba. Bayan an gama sai a kwashi bututan a kai ɗakin ma'auni, wani lokaci a wani gini, wani lokaci ma a wani gari, a ɗumama su ɗaya bayan ɗaya a tura ciki.

Wannan aiki yana cin mutum. Idan tururi mai zafi ya gamu da sanyi farat ɗaya, sau da yawa ba ya manne wa gilashi, sai ya zama hazo ya bi iska ya fice, a wayi gari an tara bututu babu komai ciki. Domin maganin haka wasu sukan cusa audugar gilashi cikin bututun, wasu su sa sanyin ya riƙa ƙaruwa sannu-sannu. Ruwan naitirojin kuma ba ya zaɓe, duk laimar da ta shiga daga iskar ɗaki sai ya kama ta tare da abin da ake nema. In ma'aikaci ya makara da daƙiƙa biyar wajen sauya bututu, wutsiyar wannan kaso ta haɗu da kan na bayansa, an koma gidan jiya. Abin da ya fi duka nauyi shi ne yawa: sai kaso ya kai wanda za a iya tarawa a ɗauka a kai, don haka abin da yake kashi ɗaya cikin miliyan ɗari ba ya ma cikin lissafi.

Duk da haka bai kamata a raina mutanen wannan zamani ba, domin da irin wannan haƙuri aka gano abubuwa da dama na ƙamshin abinci da na man tsirrai. Alal misali, a 1966 M. E. Mason da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Oklahoma suka rarrabe tururin soyayyiyar gyaɗa, suka nuna cewa wasu sinadarai da ake kira firazin suna cikin tushen ƙamshinta. Ƙamshin nan da ke tashi daga gidan mai ƙuli-ƙuli ke nan.

Haɗa su wuri guda

Roland Gohlke da Fred McLafferty, ma'aikatan kamfanin Dow a garin Midland na Jihar Mishigan, su ne suka fara nuna cewa za a iya kawar da bututun sanyi. Sun ji labarin wani sabon ma'auni na kamfanin Bendix wanda ke auna ƙwayoyi ta hanyar tsere, marar nauyi ya riga mai nauyi isa, kuma yana maimaita awon sau dubu goma cikin daƙiƙa ɗaya. A hunturun 1955 zuwa 1956 suka ɗauki na'urar rarrabewa da suka ƙera da hannunsu suka kai ta wurin Bendix, suka bar ɗan kaɗan daga iskar ya shiga ma'aunin, suna ɗaukar hoton allon da kyamara duk sa'ad da wani kaso ya wuce. Gohlke ya buga cikakken bayanin a 1959. A 1957 ma J. C. Holmes da F. A. Morrell na kamfanin taba na Philip Morris sun buga irin wannan gwaji da wani ma'aunin dabam.

Saura matsalar iskar dako, domin zubar da mafi yawan abin da ake nema ba magani ba ne. A 1964 Ragnar Ryhage a Istokholm ya fito da dabarar da duk matar da ta taɓa shiƙar gero za ta gane. Ana feso iskar ta wata 'yar ƙaramar kafa zuwa wata kafar da ke fuskantarta, a tsakaninsu famfo yana zuƙa. Iskar hiliyom, da yake ba ta da nauyi, sai ta watse gefe kamar ƙaiƙayi, ƙwayoyi masu nauyi su miƙe su faɗa kafa ta biyu kamar tsaba. A wannan shekara Klaus Biemann da J. T. Watson suka yi tasu dabarar a Amurka. A 1965 kamfanin LKB na Suwidin ya fara sayar da na'urorin biyu a haɗe.

Abin da ya biyo baya gyare-gyare ne, ko da yake manya. Marcel Golay ya kawo bututu siriri kamar zare wanda iskar da yake bukata kaɗan ce, a 1979 kuma aka sami irinsa na gilashi mai lanƙwasuwa, har aka daina bukatar mashiƙin Ryhage a yawancin ayyuka. Robert Finnigan ya fitar da ƙaramin ma'auni mai sanda huɗu wanda kwamfuta ke sarrafawa, hukumar kare muhalli ta Amurka ta saye shi a farkon shekarun 1970, ya zama shaidar da kotu ke karɓa. A 1976 irin wannan na'ura ta isa har duniyar Mirrihi cikin kumbon Viking. Tara kaso a bututun sanyi bai mutu ba, sai dai inji ke yinsa: a 1996 Timothy Eglinton da abokansa suka nuna yadda za a maimaita rarrabewa sau da yawa, a tara sinadari guda har ya isa a auna shekarunsa.

Abin da na'urar ke gani cikin wake

A ɗakin gwaji ana niƙa waken, a ɗebi 'yan giram kaɗan, a jiƙa, a girgiza da ruwa mai narkarwa da gishiri, bisa hanyar da Michelangelo Anastassiades da Steven Lehotay suka buga a 2003. Daga ruwan da ya taso sama ake ɗiban kashi ɗaya cikin dubu na mililita, a tura cikin bututu mai tsawon mita 30 wanda faɗin cikinsa rubu'in milimita ne. Daikulobos mai saurin tashi ne, saboda haka yana cikin na farkon fitowa. Nauyin ƙwayarsa 220, idan ta fashe kuma ɓalli mafi yawa shi ne mai nauyin 109, sai 185, sai 79. Da yake kulorin biyu ne a jikinta, kusa da 220 akan ga 222 da 224 bisa rabon tara da shida da ɗaya, abin nan da Aston ya gano a 1919. Idan lokacin fitowa ya dace, ɓallin ya dace, rabon ya dace, gardama ta ƙare.

A nan akwai abin lura. Lambar 0.01 ba wai ita ce iyakar da guba ke fara cutarwa ba. A dokar Tarayyar Turai ta 2005 ita ce lambar da ake sa wa duk maganin da ba a yarda a yi amfani da shi a kan wani abinci ba, an kuwa zaɓe ta ne domin wajen nan ne na'ura ke iya gani ba tare da shakka ba. Watau tarihin da aka bayar a sama shi ne ya haifi lambar da ke cikin dokar. Wannan ya sa wasu ke cewa tsanani ne kawai irin na Turawa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ga buhun da aka samu da 0.03, amma ba ta tsaya ga mai 4.6 ba, wanda ya ninka iyakar sau 460, kuma ita dokar ta 2015 ta ce abin da aka samu ya zarce abin da jiki zai ɗauka a ci guda. Daikulobos yana toshe sinadarin da ke sa jijiya ta saki bayan ta kama, alamunsa kuwa su ne dalalar miyau da amai da zawo da wahalar numfashi. Ba a Turai aka fi jin wannan ba. A 2008 ɗalibai mata fiye da ɗari aka kai asibiti daga wata makaranta a Doma ta Jihar Gwambe bayan sun ci wake, gwajin hukumar NAFDAC ya nuna maganin Gamalin a ciki, a shekarar kuma hukumar ta haramta magungunan gona 30. Waken da ke zuwa Turai ɗan kaɗan ne, sauran a ƙosai da alale da ɗanwake da garau-garau yake ƙarewa, inda ba mai gwada shi.

Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, a wannan karon kuwa karin maganar ta faɗa a kan mai ita. Na'urar tana iya ware ƙwaya ɗaya cikin miliyan ɗari ta kira sunanta, amma ba ta san gonar da waken ya fito ba. Tiya biyar ta wannan manomi a Gwiwa da tiya goma ta wancan a Babura, da abin da ya ƙetaro daga Nijar, buhu ɗaya suke shiga a hannun mai saye, buhunan kuma su haɗu da wasu a Dawanau, a sake juye su, sau da yawa a nan ne ma, cikin sito, maganin yake hawa kansu. Takardar da ta biyo kayan sunan ƙasa kawai take ɗauke da shi, shi ya sa hukuncin ya hau kan ƙasar gaba ɗaya, da wanda ya yayyafa da wanda bai taɓa sayen kwalbar ba.

Ta fuskar ajiya an sami hanyar da ba ta bukatar magani. Tun a ƙarshen shekarun 1980 Larry Murdock na Jami'ar Purdue da masana na Marwa a arewacin Kamaru suka gwada ajiye wake cikin leda mai hawa-hawa, a 2007 aka fara yaɗa dabarar a Afirka ta Yamma da sunan buhun PICS, Ibrahim Baoua na cibiyar binciken noma ta Maraɗi yana cikin waɗanda suka gwada ta a ƙauyuka. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure bakinsa dabam. Ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Sharaɗinsa shi ne waken ya bushe sarai kafin a zuba, kada a buɗe sai ranar sayarwa, kuma a nisanta shi daga ɓera, domin huji ɗaya ya isa ya mai da shi buhu kamar kowane buhu.